Shekarar da Na Kira Sunan Isuhu

Ƙarfe huɗu da rabi na la'asar, wata Laraba bayan girbin gero, na fara kiran sunan yayanku Isuhu da bakina. Na riƙe lokacin ne don rediyon maƙwabta ya faɗe shi ta kan danga jim kaɗan kafin in buɗe baki. A tsakar gidan mahaifiyata abin ya faru, a ƙauyenmu na kusa da Gidan Amumune. Waɗanda ke wurin su ne Inna, wato kakarku, da Gwaggo Aisa ƙanwar mahaifina, da mata biyu na maƙwabta da suka zo taya sussuka. Kai Laminu kana goye a bayana. Ke Salamatu ba a haife ki ba tukuna. Shi kuwa Isuhu yana kwance kan tabarma a inuwar rumbu, shekararsa biyar.

Dalili biyu suka sa nake rubuta muku wannan. Na farko, kun taso kuna jin ana cewa na ƙwace yaro daga hannun tsohuwa na bar ta da baƙin ciki, kuma cikinku ba wanda ya taɓa tambayata. Na biyu shi ne abin da ya faru da matar Laminu ta share ɗakin Isuhu. Zan zo kansa a ƙarshe. Lakwal ɗina, wato karatun boko, bai wuce aji shida ba, amma na ɗauko abu ɗaya daga can: a gama na farko kafin a taɓa na biyu. Haka zan bi.

Kun san al'adar, ko da yake a zamaninku ta yi sako-sako. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta zuba masa ido a gaban mutane. In za ta ba shi nono ta juya baya ta kawar da fuska. In an yaye shi a kai wa kaka, ya zama nata. Ba ƙiyayya ba ce, ladabi ne, kuma da shi ake auna tarbiyyar mace. Ni kunyata biyu ce, domin an sa wa yaron sunan mahaifin babanku, sunan da ba ni da ikon faɗi ko da ba ɗana ke ɗauke da shi ba. Na kiyaye wannan ba kuskure. In zan yi maganarsa sai in ce wancan, ko na Inna. Har misali ake yi da ni a gaban amare.

A ɗakin Inna na haife shi, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Naƙudar ta daɗe, da ya fito kuma bai yi kuka da wuri ba. Ya shekara bai zauna ba. Ya shekara biyu wuyansa bai tsaya sosai ba, ƙafafunsa na sanƙarewa su harɗe juna, hannun dama a dunƙule, na hagu ne kawai ke ɗan buɗewa. Da aka yaye shi aka kai shi wurin Inna, ni ina gidan babanku a wajen garin Cake. Ba mahalukin da zai ce Inna ta gaza. Ita ke dama masa kunu, ta wanke shi, ta murza masa gaɓoɓi da man shanu, ta goya shi har ƙafafunsa na taɓa bayan gwiwarta. Ta nemi rubutu, ta nemi saiwa, ta je duk inda aka kwatanta mata. Angona take ce masa, tana yi masa tsiyar kaka da jika.

"Wane irin ango ne wanga? Ko goro bai taɓa saya mini ba."

Shi kuma ya banƙare yana dariya marar sauti. Amma magana ba ta zo ba, kuka ne ya zo. Da ya kai shekara huɗu ya fara cizon hannunsa na hagu har wurin ya yi kanta, yana buga kai da ƙasa. Inna ta ba shi ruwa ya ƙi, ta ba shi fura ya ƙi, ta juya shi, ta goya shi, har ta dace da abin da yake so ko kuma ya gaji ya yi barci. Mutane suka ce hankalinsa ne bai cika ba. Ni ma da nake jin labarin daga nesa haka na ɗauka.

A ƙarshen daminar shekarar da ya cika biyar zazzaɓi ya kama shi, muka kai shi likita a Mayahi, ni da Inna. Bayan an yi masa allura, anfirme, wato malamin asibiti, ya ce mu dakata, akwai wata mata da ta zo daga Maradi tana duba yara irinsa. Madam Hadiza ake ce mata. Ba ta fara da taɓa jikinsa ba. Ta sa Inna ta zaunar da shi a cinya ta tallafe masa kai. Ta riƙe kofin ruwa a hannu ɗaya, biskit a ɗayan, ta raba su nesa da juna, ta durƙusa har fuskarta ta zo daidai tasa.

"Isuhu, ga ruwa, ga biskit. Wanne?"

Inna ta ce, "Ruwa shike so, zazzaɓi ne."

"Inna, dakata. A bar shi ya faɗa."

Shirun ya yi tsawo har na ji nauyinsa. Ina tsaye bakin ƙofa, na juya gefe kamar yadda ya kamata, amma ina gani ta wutsiyar ido. Idanunsa suka yi yawo, suka sauka kan biskit, suka hau fuskar Madam, suka sake komawa kan biskit. Ta sauya hannuwa ta sake tambaya. Ya sake bin biskit ɗin.

Ta ce, "Yaron nan yana jin komai. Bakinsa ne ya ƙi, sai ya koma magana da ido. Wa ke kallon idonsa a gida?"

Inna ta ce, "Ni na san abin da shike so tun bai so ba."

"Na yarda, Inna. Amma kin ga inda ya kalla yanzu?"

Inna ta kai hannu ta shafa fuskarsa. A nan na gane abin da ta daɗe tana ɓoye mana: hazo ya fara rufe mata ido. Tana gane mutum da murya, tana tsince tsakuwa a gero da yatsa, amma ƙwayar idon yaro ba ta iya gani. Madam ta waiwayo wajena.

"Wannan fa da ke tsaye? Tun da muka fara, in ya gama kallona ita yake nema."

Inna ta ce, "Uwarshi ce. Ɗan fari ne."

Madam ba ta buƙaci bayani ba. Ta numfasa ta ce ita ma ƴar fari ce. Sannan ta yi mini magana tana kallon ƙasa don ta rage mini kunya, kuma na riƙe abin da ta faɗa a jere. A fara da abu biyu da yake amfani da su kullum. A kira sunansa don ya san da shi ake. A nuna masa abin, a faɗi sunan abin, a yi shiru a jira, ko da jiran ya gunduri mutum. Abin da ya kalla shi za a ba shi, ko an san ba shi ya fi buƙata ba, don ya gane kallonsa na aiki. Abin da ke nufin ruwa yau, shi zai nufi ruwa gobe. Ta ce kuka da cizon hannu za su ragu in ya sami wata hanya. Ba ta yi alkawarin zai yi magana ba. Ganina da ita ke nan na farko da na ƙarshe. Da na koma nemanta daga baya, aka ce aikinsu ya ƙare a wajenmu.

Na nemi in yi abin ba tare da na karya al'ada ba, ina so ku san wannan. Babanku ya bar ni na zauna gidan Inna lokacin girbi da sunan jinya. In mutane sun tafi gona sai in ɗauki moɗa da ludayi in tsaya kusa da shi, fuskata na kallon bango, in ce wa iska, ko za a sha ruwa? Ba abin da ya fito. Shi bai san da shi nake ba, ni ban ga inda ya kalla ba tunda na kawar da kai. Na roƙi Gwaggo Aisa, ta gwada sau ɗaya ta ce ita ba ta iya tsayawa gaban yaro kamar mai jiran motar kasuwa. Na zauna na duba wanda ya rage. Ana buƙatar mai ido, mai haƙurin jira, wanda kuma yaron ke nema. Ba kowa sai ni.

Ranar Larabar nan tun azahar yake kuka. Inna ta yi duk abin da ta saba. Matan sussuka na ta ba da shawara, wannan ta ce ciki ne, waccan ta ce a tofa masa addu'a. Ya kai hannu baki ya ciza, na ga jini. Na jingine taɓarya. Na ɗebo ruwa a moɗa, na ɗebo fura a ludayi, na zo gabansa na durƙusa, na kawo fuskata daidai tasa kamar yadda na ga an yi. Akwai ɗan tabo a girarsa ta dama. Ni na haife shi, ban san da tabon ba sai ranar.

"Isuhu."

Taɓare suka tsaya. Kukan ma ya tsaya.

"Isuhu, ga ruwa, ga fura. Wanne?"

Bai kalli moɗa ba, bai kalli ludayi ba. Ni ya kalla, ya daɗe yana kallona. Ranar bai zaɓi komai ba. Kada wani ya ce muku abin al'ajabi ya faru. Ya daina kuka, shi ke nan.

Gwaggo Aisa ta ce, "Rabi, kanki ɗaya kuwa? Sunan surukinki ne fa."

Ɗaya daga matan ta kece da dariya. "Aikin lakwal ne, Gwaggo. Gobe sai ta kira mai gidan da sunan yanka."

Inna ta jira har suka tattara hatsi suka tafi. Sannan ta kira ni ɗaki.

"Na haifi yayanki, na ga aurenshi, na ga an kai shi kushewa, bakina bai taɓa faɗin sunanshi ba. Kina tsammanin ban so shi ba?"

"Na san kin so shi, Inna."

"To mi ya sa ki tozarta ni gaban mata? Cewa za a yi ban koya miki komi ba."

"Ba ya iya faɗa da baki, ke kuma ba ki ganin idonsa."

Wannan maganar ta fi ta farko yi mata zafi, na sani, amma gaskiya ce. Na ce mata zan tafi da shi gidana, domin abin na kullum ne, safe da yamma. Na ce ta biyo mu mu zauna tare. Ta ce ita ba ta kwana gidan suruki ko duniya za ta tashi. Sannan ta yi mini tambayar da har yau ban sami amsarta ba.

"In kin ɗauke shi, mi zan tashi in yi da safe?"

Washegari ta wanke shi, ta shafa masa mai, ta lulluɓe shi da gyalenta, ta miƙo mini shi a kan amalanke. Ba ta raka mu ko ƙofar gida ba.

Babanku bai hana ba, bai kuma ce na kyauta ba. Abin da ya ce ɗaya ne: "Ki rage murya in za ki kira shi. Sunan ubana ne." Amma kafin ya tafi cin rani ya ɗauko wani tsohon turmi da ya tsage, ya sassaƙe masa gefe ɗaya, ya shimfiɗa tsumma a ciki, ya zama wurin da Isuhu ke zama a miƙe, bayansa da gefensa a tallafe. Ya ajiye shi ya wuce abinsa. Allah ya jiƙansa, haka yake.

Ranin nan ya fi kowane rani tsawo a rayuwata. Labari ya riga ni isa Cake. In na iso rijiya hira ta sauya. Ba a zage ni ba, daina kirana aka yi. An yi suna a gidan da ke bayan namu, ba a aiko mini goro ba. Amaren da ake turowa su ga yadda nake zama suka ɗauke ƙafa. Kakarku ta wajen uba ta kwashe kayanta ta koma gidan ƙaramin ɗanta, ta ce ba ta zama inda ake kiran sunan mijinta safe da yamma kamar ana kiran akuya. Gida ya rage ni, da kai Laminu da ba ka fara magana ba, da Isuhu. Wuni guda muryata kaɗai nake ji. In yi tambaya, in yi shiru, in jira. Akwai ranakun da na tambayi kaina ko Madam ta yi kuskure, ko ni ce na ga abin da nake son gani a Mayahi. Ba wanda zan tambaya, sai in tashi in sake ɗauko moɗa.

Na sami sabon faifai na ɗinke ƴar ƙaramar moɗa a gefen dama, guntun ludayi a gefen hagu, da zare mai ƙarfi don kada su sauya wuri. Sanyi ya kusa wucewa kafin ya fara zaɓa da gangan. Ranar da ya kalli ludayi, ya kalle ni, ya koma kan ludayi, na ba shi fura ya sha. Ban yi guɗa ba, ba wanda zan yi wa. Daga nan na riƙa ƙara abu ɗaya ɗaya, kuma ban ƙara sabo ba sai na baya ya zauna masa. Murfin buta na nufin kama ruwa. Guntun tabarma na nufin a kwantar da shi. Guntun igiya na nufin a fitar da shi wurin awaki, domin yana son kallon su. Tsohon pil, wato batir, na nufin a kunna rediyo. Bayan nan muka daidaita kan i da a'a: in ya ɗaga ido sama ya yarda, in ya runtse ya ƙi. A hankali hannunsa na hagu ya fara kaiwa ga abin da idonsa ya zaɓa. Ba kullum abin ke tafiya ba. Wata rana ya gaji, wata rana ni ce ke gaggawa in amsa masa kafin ya gama, sai ya runtse ido ya ƙi komai har yamma. Amma kantar hannunsa ta fara laushi.

Da bazara ta kama sai wani sabon kuka ya zo, na yamma. In kawo faifai, ya bi abubuwan da ido ɗaya bayan ɗaya, ya runtse ga kowanne, sannan ya kalli ƙofar gida. Na ɗauka awaki yake nufi, ya ce a'a. Na ɗauka babansa ne, na kawo tsohuwar hularsa, ya runtse. Aka yi kwanaki ana haka, har ya sake kai hannu baki. Wata yamma ina fitar da kaya ina shanyawa saboda gara, sai gyalen Inna ya faɗo, baƙi mai ɗigon fari, wanda ta lulluɓe shi da shi ranar da muka taho. Ƙamshin man shanu da hayaƙin ɗakinta na nan a jiki. Isuhu ya yi wani sauti da ban taɓa ji ba. Ya miƙa hannun hagu, na matso da gyalen har ya damƙe.

"Isuhu, Inna kake so?"

Ya ɗaga ido sama, ya bar shi a sama.

Ku lura da wannan. Ruwa da fura ni na koya masa tambayarsu. Wannan ban koya masa ba. Abu na farko da ya nema don kansa, ta hanyar da na zubar da mutuncina na buɗe masa, shi ne matar da na raba shi da ita. Na ɗan zauna a ƙasa kusa da turmin. Sannan na tashi na je neman amalanke.

Mun tarar da Inna zaune ƙofar ɗakinta, ta rame. Ta amsa sallamata kamar ta baƙuwa.

"Lahiya?"

"Shi ya ce a kawo shi."

"Ya ce?"

"Ya ce."

Na zaunar da shi a jikinta, na sa faifan a gabansa, gyalen a ninke a gefe. Tunda ba ta gani sosai, na ɗora hannunta bisa hannunsa na hagu. Na kira sunansa, a gabanta, na tambaye shi abin da yake so. Muka jira. Ina ganin leɓenta na motsi, tana son ta amsa masa kamar da, ta danne. Hannunsa ya ja nata, ya wuce moɗa, ya wuce igiya, ya sauka kan gyalen. Ta shafa, ta gane kayanta. Ta juyo da fuska wajensa.

"Angona, ashe ba ka sake ni ba."

Ya banƙare da dariya har ya kusa zamewa. Ta rungume shi. Can ta sa haƙori ta yage gefen gyalen, kamar faɗin tafin hannu, ta miƙo mini ba tare da ta juyo ba.

"Ɗinka mishi wanga. Sauran bar mini, ina jin sanyi da asuba. Ku tahi tun da rana."

Abin da ta ce da ni ke nan. Daga ranar, duk lokacin da ya taɓa ƙyallen, in da hali in kai shi, in babu in gaya masa ranar da za mu je, kuma in cika. Shi tana karɓarsa da tsiya da dariya, ni ta gaishe ni gaisuwar baƙi, ta tambayi gida da awaki. Haka muka zauna har ta rasu bayan shekara uku. Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. Na jira wannan maganar kamar yadda nake jiran Isuhu, amma ita ba ta zo ba. Ban ce Inna ta yi laifi ba. Ta rayu kan abin da aka koya mata, ta biya shi da ɗanta na fari, sai ga ɗiyarta ta zo ta yar da shi a gaban mata. Ban kuma ce ni na yi laifi ba. In aka maido ni wannan la'asar zan sake jingine taɓaryar.

Bayan an yi sadakar uku ya ɗora hannu kan ƙyallen. Mutane sun ce in cire shi daga faifan, in ce ta yi tafiya, wai yaro irinsa ba a gaya masa mutuwa. Na durƙusa na kira sunansa na gaya masa Inna ta rasu, ba za mu same ta ba ko mun je. Ya runtse ido. Na sake faɗa. Ya sake runtsewa, hawaye na bi ta gefe. Ya yi kwana biyu bai nemi fura ba. Ban cire ƙyallen ba. Tun daga lokacin, in ya taɓa shi abin da yake nufi shi ne a zauna kusa da shi a yi maganarta. Sai in zauna in ba shi labarin yadda take goya shi, da goron da bai saya mata ba.

Yanzu Isuhu ya haura talatin, gemunsa ya fara furfura. Faifan ya tsufa an sauya shi ba sau ɗaya ba, amma kowane abu na wurinsa na farko. Ke Salamatu kin ƙara masa hotunan da kika wanko a Tasawa, na masallaci da na kasuwa da na ƴaƴanki, kuma yana amfani da su. Kai Laminu ka kawo telefon mai hotuna da ke faɗin sunan abu in an taɓa. Ban ƙi ba. Duk abin da zai ƙara masa magana ina so. Mutanen Cake kuwa sun manta dalilin da ya sa suka nisance ni, nisan dai ya zauna. Matan da suka yi mini dariya jikokinsu na kiran ƴaƴan fari da suna a bakin rijiya, ba mai waiwayawa.

Ga abu na biyu da na ce zan zo kansa. Ranar da na tafi ta'aziyya garin El Alasan Mairerai, Fati matar Laminu ta shiga ɗakin Isuhu ta yi shara. Da na dawo ta tare ni da fara'a.

"Mama, na gyara wa Yaya ɗaki. Na kwashe wani tarkace a tsohon faifai, har da wani tsumma."

Ba na ganin laifinta. Baƙuwa ce a gidan, ba wanda ya gaya mata, kuma wannan aikinku ne. Na tarar da Isuhu hannunsa a baki, abin da ya rabu da shi tun yana yaro. Na je juji na tsinto moɗa da igiya da pil. Ƙyallen kuwa a garken awaki na same shi, sun cinye rabi. Na wanke abin da ya rage na maida shi wurinsa. Kai Laminu ka ce mini, "Mama, ai ga telefon, akwai hoton komai a ciki, har na Kaka sai a sa." Inna ba ta taɓa tsayawa an ɗauke ta hoto ba. Abin da ya rage nata a duniya shi ne abin da akuya ta bari.

Abin da ban gaya muku ba shi ne ni ma hazon ya fara. Da safe ina ganin idonsa, da yamma sai na matso har numfashinsa na taɓa fuskata. Na san inda wannan hanya ke zuwa, na gan ta a gidanmu.

Don haka ga roƙona gare ku, Laminu da Salamatu, da duk wanda ya shigo gidan nan ta aure. Ku zo ku koya tun ina iya nuna muku. Kada ku sauya wa komai wuri a faifan. Kada ku amsa masa tambayar da kuka yi masa don kuna sauri. Akwai kuma abu ɗaya da ya rage. Ni ba ni da alama a faifan, domin bai taɓa nemana ya rasa ba. Na yanke guntun gyalena shuɗi, yana cikin kwallar da ke ƙarƙashin gadona, da zare da allura a jiki. Ranar da kuka dawo daga kai ni kushewa, ku ɗinka shi kusa da na Inna. In ya ɗora hannu a kai, kada ku ce masa na tafi kasuwa. Ku durƙusa har fuskarku ta zo daidai tasa, ku kira sunansa, ku gaya masa gaskiya, sannan ku yi shiru ku jira abin da zai ce.